Yadda Muka Sauke Baba Koci

A shekarun da na yi a Riyad ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, abu biyu ne suka hana ni haukacewa: wayar da nake yi da matata duk ƙarshen mako, da ƙwallon da muke bugawa ranar Juma'a da sassafe. Filinmu wani fegi ne a bayan garejojin Gubaira, jar ƙasa mai tsakuwa, babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya, ragar ma bututun ruwa ne wani mai walda ya haɗa mana. In ka faɗi a wurin sai ka yi sati kana tsintar tsakuwa a gwiwarka. Duk da haka, da an sallame sallar asuba za ka ga mutane suna ɓullowa, wani a motar uban gidansa, wani a ƙafa, wani ko kayan aiki bai cire ba, don kafin ƙarfe takwas rana ta kore mu.

Dukanmu 'yan Najeriya ne, amma kashi biyu muke, ko da ba ma faɗa da baki. Akwai 'yan ofis, wato likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, waɗanda suka shigo da kwantiragi mai kyau. Sannan akwai mu, direbobi da leburori da masu gyare-gyare. A cikin fili kowa na iya taka kowa, lebura ya kwashe ƙafar likita ba a ce ya yi rashin kunya ba. Da an tashi kuwa, su sai su shiga motocinsu masu sanyi, mu kuma mu nufi unguwar Bata shan shayi.

Ni ne lamba tara, kuma ba cika baki ba, na iya. Da sunan lambar ma ake kirana, da yawa ba su san sunana na yanka ba. In ƙwallo ta zo ƙafata a kusa da raga, masu tsaron baya sai su fara salati.

Wanda ya kafa ƙungiyar wani dattijo ne mutumin Gusau da muke kira Baba Koci. Mai kula da sito ne a wani kamfanin gine-gine, ya haura shekara ashirin a ƙasar, iyalinsa duk suna gida. Gajere ne, yana ɗan ɗingishi, muryarsa kuma ta fi ƙarfin jikinsa. Shi yake wanke rigunanmu da hannunsa, ya shanya a saman benen da yake haya, ya zuba su a buhun shinkafa ya kawo. Ba shi da wurin hira, ba ya zuwa yawo, ba ya kallon talabijin. Ƙungiyar nan ita ce iyalinsa a Riyad. Sai dai fa mutum ne mai taurin kan tsiya, in ya yanke hukunci ba ya bayani. Ka tambaye shi dalili, sai ya dube ka daga sama har ƙasa ya ce, "Ni ne koci." A bayan idonsa mun sha kwaikwayon tafiyarsa muna dariya, a gabansa kuwa ko tari ba ma yi.

Matsalata da mutuwa ta fara. Kowane baƙo a Saudiyya yana da kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya masa. Da sunansa ake ba ka iƙama, katin zama ke nan, kuma ta hannunsa ake sabunta ta. Nawa wani tsoho ne mai sauƙin kai, ya bar ni ina aiki a shagon wani, ba ya nemana sai lokacin sabuntawa ya yi. Sai Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka faɗa rigimar gado a wani gari mai nisa, aka rasa wanda zai yarda ya sa hannu a kan komai. Na kira su har na gaji, na aika saƙo, na roƙa da ɗan Larabcina na tasha. Iƙamata ta mutu a aljihuna, wata ɗaya, wata biyu, har wata biyar.

Kuma a shekarar ce aka tsananta binciken takardu. Mutum zai fita sayen burodi ya ƙi dawowa, sai bayan kwana biyu a ji yana tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wanda ya ba marar takarda aiki ko ɗakin kwana, shi ma hukunci ne a kansa. Na san ranar da mai shagonmu ya ji labarina, ranar zai sallame ni, ba don mugunta ba sai don tsoro. Mutane ukun da muke ɗaki ɗaya su ma dole su ce in tattara kayana. Don haka na kulle bakina, ko matata ban gaya wa ba.

Wanda ya fi ba ni wahalar ɓoyewa shi ne golanmu, abokin ɗakina kuma aminina. Bakatsine ne, direban tankar ruwa, dogo mai faɗin ƙirji. Yana sona tsakani da Allah, zai iya raba lomarsa biyu ya ba ni babbar. Amma cikinsa ba ya riƙe magana. In ya ji abu da safe, kafin la'asar an ji shi a Bata har da ƙari.

Ana cikin haka wasu 'yan Sudan suka shirya gasa tsakanin ƙungiyoyin baƙi, a wani fili mai ciyawa ta gaske da suka kama haya a bayan gari. Murna ta cika mu, don wasunmu rabonsu da taka ciyawa tun suna gida. Sai ga sharaɗi: kowace ƙungiya ta kawo sunayen mutum goma sha takwas da hoton iƙamar kowa, kuma kafin kowane wasa za a nuna katin na asali a tebur. Masu filin ne suka ce sai haka, saboda yanayin gari.

Ranar da Baba Koci ya ce kowa ya kawo nasa hoton, na tsaya har kowa ya watse, na taya shi ɗora buhun riguna a bayan tsohuwar akori-kurarsa, na ce ya rage mini hanya. Ya dube ni, don ya san ɗakina tafiyar minti biyar ce, amma ya buɗe mini ƙofa. Ba mu yi nisa ba na zaro katin na miƙa masa. Ya rage gudu, ya nisanta shi da idonsa kamar yadda tsofaffi ke yi, ya karanta kwanan watan da ke jiki. Sai ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Wa ya sani?"

"Kai kaɗai, Baba."

"Ko dogon nan na ɗakinku?"

"Shi ne ma na fi tsoro."

Ya yi ɗan murmushi, ya miƙo mini katin. Ni kuwa da ma da shawarata na zo. Na ce akwai wani yaron shagon walda da muke kama, ba ya buga ƙwallo, zan ari tasa, ai mutanen teburin ba za su tsaya ƙare wa fuska kallo ba. Ban rufe baki ba ya daka mini tsawa.

"Kai mahaukaci ne? In aka gane, an kama ka, an kama mai katin, an kama ni, an rufe gasar. Saboda ƙwallo? Kana da mata, kana da 'ya'ya biyu. Ba za ka taka filin nan ba, ko kallo ban yarda ka je ba."

"To me zan ce wa mutane, Baba? Kowa ya san ni ne lamba tara."

"Ba kai za ka ce ba. Ka bar mini wannan."

Juma'ar da ta biyo baya ya tara mu bayan atisaye, ya karanta sunaye goma sha takwas. Da ya kai ƙarshe ya ninke takardar ya sa a aljihu. A gurbina ya sa wani mai haɗa magani, mutumin kirki ne amma tumbinsa ke riga shi isa wurin ƙwallo. Gola ya ɗauka mantuwa ce, har yana dariya.

"Baba, ka tsallake Lamba Tara."

"Ban tsallake kowa ba."

"To me ya yi?"

"Ni ne koci."

Na sunkuyar da kai ina kwance igiyar takalmi. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana, har ana dafa kafaɗata ana ba ni haƙuri.

Wasa uku aka yi, aka cinye mu duka ukun. Ni ina ɗaki kowace rana, ina kallon silin, har in ji ƙarar sawun Gola a matakala. Tun daga yadda yake taka benen nake gane sakamako. Zai banko ƙofa, ya yi jifa da safar hannunsa, ya fara, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. 'Yan Sudan sun zura mana uku. 'Yan Yaman da ba su kai mu tsawo ba sun yi mana biyu. Mai haɗa maganin nan ya samu raga a buɗe ya buga sama, har ƙwallon ta fita titi. Daga nan sai ya juyo kaina, idanunsa jajir.

"Wallahi son kai ne. Tsohon nan ya ga ciyawa ya ga manyan mutane, sai ya kwashi 'yan ofis don a ce yana tare da likitoci. Mu da muka sha tsakuwa shekara da shekaru, yau mun zama bola. Wallahi sai na ƙwato maka haƙƙinka."

Nakan ce masa ya bari, ƙwallo ce kawai. Sai ya ce wannan haƙurin nawa ne ya sa ake raina ni. Maganar son kai ta bazu a cikin leburori, kuma ta samu wurin zama, don da ma akwai abin a zukata. Mutanen da Baba Koci ya sha kaiwa asibiti a motarsa suka fara kau da kai in sun gan shi. Ina ji ina gani, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe wutar.

Saura wasa ɗaya, kuma masu gasar sun yarda a canza suna biyu kafin shi. Sai shugaban ƙungiyarmu ya kira taro. Likitan ƙashi ne, mutum mai natsuwa da son bin ƙa'ida, a gidansa da ke Jaradiya aka haɗu bayan sallar Juma'a. Mun kai mu talatin a falon, takalma sun cika bakin ƙofa har kan matakala. Aka kawo manyan farantan shinkafa da kaza, ni dai na tsakura kawai. Na duba falon na ga duk waɗanda nake tsoro: abokan ɗakina su uku, da wani makaniki da shagonsa ke manne da namu, wanda kullum suke shan shayi da mai shagonmu. Baba Koci ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, buhun rigunan yana gefensa.

Bayan an kwashe kwanuka an yi addu'a, Likita ya ce magana ɗaya ce ta tara mu: Baba Koci ya ci gaba da riƙe ƙungiya, ko a ba wani. Ya roƙi kowa ya yi magana da ladabi, ya kuma tuna cewa dattijo ne.

Wani injiniya ne ya fara, mai goyon bayan Baba Koci. Ya ce shi da mutanen Afirka ta Kudu yake aiki, kuma wata guda ke nan ba su da zance a wurin cin abinci sai na kocin ƙasarsu na ƙwallon zari-ruga, a kore shi ko a bar shi, har sukan kusa dambe. Ya ce abin da ya lura da shi, masu cewa a kora ba su taɓa faɗin wanda zai fi shi ba. "To mu ma haka ne. Mutumin da ya tara mu tun babu raga, wasa uku ya isa a ce ya tafi? Ku ba shi lokaci mana."

"Mu ba zari-ruga muke yi ba, Injiniya," in ji Gola, ya miƙe tsaye har kansa na neman taɓa fanka. "Kuma ba rashin nasarar ce ta dame mu ba, wallahi ko goma za a ci mu, kalas, shi ke nan, ƙwallo ce. Zalunci ne ba mu yarda da shi ba. Ga mutum nan zaune, duk Riyad an san ƙafarsa. Bai taɓa fashin atisaye ba, bai taɓa ɗaga wa Baba murya ba. An cire shi an sa wanda ko gudu ba ya iyawa, don shi yana sa farar riga a wurin aiki, wannan kuma hannunsa duk baƙin mai ne. In ba haka ba ne, a faɗa mana dalili. Dalili kawai muke so!"

Falon ya kaure. Mai haɗa maganin ya ce shi bai roƙi kowa a sa shi ba, kuma ba zai zauna a ci masa mutunci ba. Wani direba ya ce ai da ma sun daɗe suna gani, in an zo rabon riguna sababbin na 'yan ofis ne. Wani ya ce ƙarya ne. Aka fara nuna juna da yatsa, maganganun da aka shekara ana haɗiyewa suka fara fitowa. Likita ya yi ta buga hannun kujera har aka yi shiru, sannan ya juya wajen ƙofa.

"Baba, kai ubanmu ne, babu mai musu. Amma ka ji abin da ake faɗa, kuma ka ga inda maganar ta nufa, tana neman raba mu biyu. Don Allah ka faɗa mana dalilin da ya sa ka ajiye shi. In dalili ne mai ƙarfi, ni da kaina zan rufe taron nan yanzu."

Baba Koci yana wasa da igiyar usur ɗinsa, bai ɗago ba. Na ji zufa ta keto mini a baya duk da sanyin na'urar da ke falon, wadda ni na ɗaura ta da hannuna. A raina ina cewa shi ke nan, zai faɗa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wani sashe na zuciyata har so yake ya faɗa ɗin, a huta.

"Ba ni da abin cewa, Likita," in ji shi. "Na zaɓi waɗanda na zaɓa."

Aka yi guna-guni. Likita ya girgiza kai, sai ya juyo gare ni, abin da nake gudu tun da na shigo.

"Lamba Tara, kai ba ka ce komai ba. Akwai wani abu tsakaninka da Baba da ba mu sani ba?"

Idanun mutum talatin suka dawo kaina. Na dubi makanikin nan, yana sakace haƙori yana jira. Na dubi abokan ɗakina. Na tuna 'yata ta biyu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Duk da haka na dafa gwiwa na fara miƙewa, kuma har yau ban san abin da zan faɗa ba da an bar ni. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyar magana..."

"Zauna!"

Tsawar da yake mana a fili ce, kuma jikina ya bi ta kafin hankalina. Na koma na zauna daɓas.

"Yaron nan ba shi da laifin komai, kada wanda ya sa shi magana," in ji Baba Koci. Ya dubi Gola ido cikin ido. "Ka ce son kai ne, ko? To son kai ne. Na ga dama ne na sa waɗanda nake so. Ku yi abin da ya tara ku."

Injiniya ya rufe fuska da tafin hannu. Wanda ya zo karewa ya amsa laifi da bakinsa, babu sauran abin faɗa. Likita ya yi ajiyar zuciya ya ce a ɗaga hannu kamar yadda muka saba, masu son a canza koci su fara.

Hannuwa suka tashi, na leburori kusan duka, har da wasu 'yan ofis da suka ji kunyar a ce don su aka yi. Ni na cusa nawa biyun a tsakanin gwiwoyina na matse. Gola da ke gefena ya duba ya ga haka, ya yi dariya ya ce, "Kai wannan kunya taka ta yi yawa, don kai fa ake yi." Ya kamo wuyan hannuna ya ɗaga shi sama tare da nasa.

Ba ƙarfinsa ne ya riƙe ni ba, wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ina ƙin faɗa wa kaina. Da na fizge zai sake ni. Amma na san in na fizge za a tambaye ni me ya sa, don haka na bar hannun a sama har Likita ya gama ƙirgawa, ya ƙirga da nawa. Baba Koci ya bi hannuwan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan nawa, ya ɗan tsaya, ya wuce. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba.

Aka ba wani ma'aikacin jinya riƙon ƙungiya. Baba Koci ya dafa bango ya miƙe, ya cire usur daga wuyansa ya ɗora a kan buhun, ya tura shi tsakiyar falo da ƙafa. Ya ce an wanke rigunan, amma lamba huɗu ta yage a hammata, a ba tela. Ya yi sallama ya fita. Sabon kocin ya ƙwala mini kira daga can ɓangaren, yana murna, ya ce in kawo masa hoton iƙamata kafin Litinin.

Na ce zan zaga bayi, na bi bayan Baba Koci. Na same shi a kan matakala, ya zauna yana lalubar takalminsa a cikin tulin na mutane. Na tsugunna na nemo masa ɗayan.

"Baba, da ka bar ni na faɗa."

"Da ka faɗa, da yau a ina za ka kwana?" Ya karɓi takalmin ya saka. "Ka saurare ni. Kada ka kai musu takardar kowa. Ka ce ka faɗo daga tsani a wurin aiki, gwiwarka ta bugu. Ka ɗaure ta da bandeji, kuma kada ka yarda Likita ya duba, ƙashi ne aikinsa."

Haka na yi. Ranar Lahadi na dawo ɗaki ina ɗingishi, na yi wata biyu ina ɗingishin ƙarya. Gola ya kusa kuka, ya ce baki ne ya kama ni, ya sayo man zafi yana murza mini lafiyayyar gwiwa kullum yana tsine wa mahassada. Wasa na huɗu ma aka cinye mu, babu wanda ya kira taro a kan haka.

Baba Koci bai sake zuwa fili ba. Nakan haɗu da shi jefi-jefi a Bata ranar Juma'a, yana zaune shi kaɗai a shagon shayi a daidai lokacin da muke tashi daga wasa. In na gaishe shi sai ya jawo ni kusa ya ce a hankali, "Ya maganar takarda?" In ce ana nan ana fama. Ya ce Allah ya kawo mafita. Bai taɓa tayar mini da zancen hannun nan ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tayarwa ba.

Sai da aka yi kusan shekara kafin babban ɗan marigayin ya sa hannu, aka mayar da ni ƙarƙashin mai shagonmu, na samu sabuwar iƙama. A ranar ya kamata in tara mutane in faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na ce sai an natsu, na ce sai bayan azumi, na ce sai na samu Likita shi kaɗai. Gaskiya dai kunya nake ji a san cewa na zauna na yi shiru, kuma na ɗaga hannu. Ina cikin wannan jan ƙafa kamfanin Baba Koci ya sallami tsofaffin ma'aikata, ya tattara ya koma Gusau gaba ɗaya. Mu huɗu ne kacal muka raka shi filin jirgi.

Sai a wata walimar Babbar Sallah na faɗa, a falon nan dai na Likita, shekara uku bayan taron. Na miƙe tsaye na kwashe labarin duka, ina jiran a zage ni ko a yi kuka. Rabin mutanen wurin sababbin zuwa ne, wani ma ya tambayi na kusa da shi wane ne Baba Koci. Likita ya ce, "Allah sarki, dattijon kirki." Injiniya ya riga ya bar ƙasar. Gola kaɗai ne ya tashi ya fita, ya yi kwana uku ba ya yi mini magana. Sauran suka ce Allah ya saka masa da alheri, aka ci gaba da miƙa nama.

Washegari da hantsi na kira shi. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma muryar nan da ke cika fili ta zama 'yar ƙarama, ina jin kukan awaki a bayansa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Na ce masa jiya na faɗa wa jama'a komai, a gaban kowa.

Sai ya ce, "To me suka ce?"

Yadda ya yi tambayar ne ya karya mini zuciya. Shekaru ina zaton abin bai dame shi ba, ina lallashin kaina da cewa shi dattijo ne, ya fi ƙarfin irin wannan. Ashe jira yake yi.

Na ce masa falon gaba ɗaya ya rikice, manya sun yi hawaye, Likita ya ce ba a taɓa yin koci kamarsa ba, kowa ya ce in roƙa masa gafara.

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa, Baba."

Na ji ya ja numfashi, ya yi 'yar dariya, ya kira matarsa yana cewa ta zo ta ji. Sannan ya dawo kan wayar ya ce, "Ai na san za su gane. Ka ce musu na yafe."

Na ce to, zan faɗa musu.